Garmar Ƙanƙara a Garejin Al Khabaisi

Shekarata goma sha ɗaya a garejin nan na Al Khabaisi lokacin da aka kawo mana garmar. Bizata saura wata huɗu ta ƙare, kuma mai garejin, wanda dukanmu muke kira Arbab, wato maigida, ya riga ya ce zai sabunta min ita kamar yadda ya saba. Bizar nan ita ce duk abin da na mallaka a Dubai. Ba ni da takardar makaranta, ba ni da shago, shekaruna sun haura hamsin, kuma babu garejin da zai ɗauki tsohon bakanike daga farko alhali ga samari nan suna layi a bakin ƙofa. In ta faɗi sai Kano, inda filin da na koyi aiki a kansa tuni aka yanka shi aka yi shaguna.

Motar ce ta fara zuwa. A-kori-kura ce irin ta Amurka, mai ƙofa huɗu, mai shan gas, fara fat, tsawonta har sai da muka fitar da wata ƙaramar mota waje kafin ta samu wurin tsayawa. Bayan kwana biyu aka sauke mana akwatunan katako guda uku. Da muka fasa na farko sai ga wani faffaɗan ƙarfe mai lanƙwasa, ruwan ɗorawa, faɗinsa ya fi na motar. Na zagaya shi sau biyu, na ce wannan ai bakin katafila ne, me ya haɗa shi da motar hawa?

Arbab ya yi dariya har yana dafa kafaɗata. Ya ce garma ce, amma ba ta noma ba, ta ture dusar ƙanƙara ce daga kan hanya. Wani mutumin Kazakistan ne ya sayi motar, yana da masauƙin baƙi a kan tsauni, kuma duk shekara ƙanƙara tana rufe masa hanya har baƙi su kasa hawa. Ya sayi mota a nan, ya sayi garma a wani wuri, yana so a haɗa masa su kafin a ɗora a jirgin ruwa.

"Yalla, mu'allim," in ji shi. Wato maza, gwani. Haka yake kirana. "Wannan aikinka ne. Ban yarda da hannun kowa a kai ba."

Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. A cikin watan Agusta ne, zafin da in ka ajiye sifana a rana minti biyar ba ka iya ɗaukarta da hannu, ni kuma an ba ni aikin ƙanƙara, abin da ban taɓa gani ba sai a talabijin.

Akwai mutum ɗaya a garejin da ya san ƙanƙara, shi ne Injiniya. Ɗan Zariya ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, a Rasha ya yi karatun injin. Shekara biyu kafin nan Arbab ya ɗauke shi ya ɗora shi a kanmu duka. Shi ke magana da masu motoci, shi ke karanta takardu, kuma babu motar da ke fita sai ya duba ya sa hannu. A takarda shi ne shugabana. A baki kuwa Kawu yake ce min, duk da ba mu haɗa komai ba sai yare. Da safe sai ya rusuna ya gaishe ni kafin ya shiga ofis, in muna cin abinci ba ya sa hannu sai na sa.

Akwai dalilin da ya sa ladabin nasa ya kai haka, kuma ni ne dalilin. A satinsa na farko ya same ni ina ɗaure notin inji, ya ce cikin murya ƙasa-ƙasa da na yi amfani da sifana mai awo, saboda kowane noti yana da iyakar ƙarfin da ake ɗaure shi. A gaban ma'aikata 'yan Pakistan na yi masa wankin babban bargo. Na ce masa hannuna ya fara ɗaure noti tun uwarsa ba ta san za ta haife shi ba, ya je ya auna na Rasha. Suka yi ta dariya, ko da yake rabin maganar ba su ji ba. Daga ranar bai ƙara gyara min aiki kai tsaye ba. Ni kuma na ɗauki hakan tarbiyya, har ina cika baki a gidanmu na haya da ke unguwar Al Nahda cewa har yanzu akwai 'ya'yan mutunci a cikin 'yan boko.

To, ni da shi muka yi aikin garmar. Littafin da ya zo da ita da Turanci yake, shi ke karantawa yana fassara min, ni ina kwance ƙarƙashin mota. Muka cire bamba, muka ɗaura wasu manyan ƙarafa biyu a jikin shasi, waɗanda garmar za ta riƙa maƙalewa a kansu. Ramuka shida ne a kowane gefe, biyar suka dace, ɗaya ya ƙi. Na so in kama shi da walda in huta, Injiniya ya karanto inda littafin ya ce kar a kuskura a sa wuta a shasi. Bai ce min kar in yi ba. Ya karanta kawai, yana kallon takarda. Na yi tsaki na ɗauko injin huda ƙarfe. A haka yake gyara min aiki in ya samu dama, ta bakin littafi.

Da muka rataya garmar karo na farko, gaban motar ya durƙusa kamar raƙumin da aka yi wa lodin gishiri. Injin gas nauyi gare shi tun asali, ga gidan zama mai ƙofa huɗu, ga kuma wannan ƙarfe a can gaba yana rinjaye. Tayoyin baya har sun ɗan yi sama. Sai da muka canja sifirin na gaba da masu ƙarfi, muka jera buhunan yashi a bodi, can bayan tayoyin baya, muka ɗaure su, sannan ta miƙe. Bayan nan aka shiga aikin waya. Famfon da ke ɗaga garmar da mai yake aiki, wutarsa daga batir take zuwa, sai wata waya doguwa da ta ratsa har cikin mota zuwa wani ɗan abin dannawa kusa da giya. Ga fitilu biyu masu dogon wuya a saman garmar, don in an ɗaga ta tana rufe na motar. Kwana tara muka yi. Ranar da na danna abin nan garmar ta tashi sama, ta karkata hagu, ta karkata dama, ta sauka a hankali, duk garejin aka tsaya ana tafi. Aiki ne mai kyau. Har yau ina faɗa, ko waɗanda suka ƙera ta ba za su ɗaura ta fiye da haka ba.

Sai gwaji. Ina za ka samu ƙanƙara a Dubai? Muka fita bayan gari da la'asar, ni da Injiniya, muka samu wani fili da ba a yi gini ba, na sauke garmar na tura yashi. Ta kwashe shi ta zubar gefe, tsaf. Na yi ta kai da komowa ina ihu kamar yaro. Wasu leburori da ke jiran motar kamfaninsu suka taru suna ɗaukarmu a waya. Injiniya ma sai da ya saki jiki ranar, yana ba ni labarin yadda a Rasha suke wayar gari su tarar motoci sun nutse har gilashi. Na saurare shi kamar mai jin tatsuniya.

A hanyar dawowa ne allurar zafin inji ta fara hawa. Garmar a ɗage take, ta tare gaban lagireto, iska ba ta shiga, ga zafin Agusta, ga cunkoson motoci. Ina kallon allurar tana matsawa wajen ja. Da ƙyar muka kai gareji. Na buɗe bonet, zafi ya bugi fuskata.

A nan ne na yi abin da na yi. Akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin a bakin tiyon da ke kai ruwa lagireto, muna ce masa tamostat. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, sannan ya buɗe. Maigidana da ya koya min aiki a Kano, Allah ya jiƙansa, abu na farko da yake yi wa duk motar da ta shigo hannunsa shi ne ya cire wannan abu ya jefar. Yakan ce Bature don ƙasarsa ya sa shi, mu a nan kashe inji kawai yake yi. Haka duk bakaniken da na sani yake yi, daga Kano har Maiduguri. Ni kaina na cire ɗaruruwa, a gida da nan Dubai, kuma babu wanda ya taɓa dawo min da ƙorafi. Kyautatawa ce muke yi wa mai mota, ko bai tambaya ba.

Na bari injin ya huce, na kwance tiyo, ruwan nan mai launin ja da kamfani ke zubawa ya tsiyaye a cikin wani tire da ke da ragowar baƙin mai. Na ga ya ɓaci, na ce a zubar. Na zare tamostat na jefa shi a kwandon shara, na mayar da tiyo, na jawo robar famfo na cika lagireto da ruwa, ruwan Allah, irin wanda muke wanke hannu da shi.

Injiniya yana tsaye a gefena tun daga farko.

"Kawu," ya ce, "wannan motar fa..."

"Motar fa me?"

"A'a, dama na ce ko... ai can inda za ta je..."

Na ɗago kai, gumi yana zuba min a ido, raina a ɓace saboda allurar nan ta kunyata ni. Na ce, "Injiniya, da idonka ka ga tana neman tafasa ko ba ka gani ba? In akwai shi a littafinka karanto min. In babu, ka bar ni in yi aikina."

Babu shi a littafin. Littafin garma ne, bai san akwai bakaniken Kano a duniya ba. Ya dubi takardar hannunsa, ya dubi kwandon shara, ya ce, "To, Kawu. Ka fi ni sani."

Washegari muka sake fita, allura ta zauna daram a ƙasa. Na nuna masa da yatsa, na ce ka gani? Ya ce ya gani. Ya sa hannu, aka ɗora motar a tirela zuwa tashar jirgin ruwa.

Na sha tambayar kaina yadda aka yi ban hango ba. Maigidana da bakinsa ya ce don ƙasar sanyi aka sa abin, ni kuma kwana tara ina ɗaura wa motar garmar ƙanƙara. Amma sanyi a wurina shi ne ka sa rigar sanyi da asuba, zuwa hantsi ka cire. Na san ruwa yana daskarewa a firiza. Na sha ganin robar zoɓon matata ta kumbura ta fashe in ta kwana a ciki. Abin da bai taɓa shiga kaina ba shi ne a ce gari guda, da titinsa da tsauninsa da motar da ke ajiye a ƙofar gida, duk ya koma firiza. Ban san ruwan nan mai launi da na zubar shi ne ke hana daskarewa ba. Ni a sanina launi ne kawai da ƙarin tsada.

Wata uku shiru. Har na manta da motar. Na kai fasfo ɗina ofis don a fara maganar biza, Arbab ya sa shi a aljihun tebur ya ce inshallah sati mai zuwa.

Ranar wata Talata da hantsi aka ce yana kiranmu, ni da Injiniya. Bai ce mu zauna ba. Ya juyo mana da fuskar wayarsa, bidiyo ne aka turo daga can. Ko'ina fari, har ido ba ya iya kallo. Ga motarmu a tsaye, ga garmata ruwan ɗorawa a gabanta, tana nan yadda na ɗaura ta. Wani mutum mai ƙatuwar hula yana ihu da yarensa, hayaƙi yana fita daga bakinsa. Mutumin ya kai wayar cikin bonet. Jikin injin ya tsage daga sama har ƙasa, ƙanƙara ta leƙo ta tsagar. A daren farko da motar ta kwana a kan tsaunin ruwan ya daskare ya fasa ƙarfen. Bakanikensu ya buɗe ya tarar ba tamostat, ba ruwan kamfani. Garmar ko taku ɗaya ba ta tura ba.

"Wa ya yi wannan?" in ji Arbab.

Na ce ni ne. Ban tsaya kame-kame ba. Na fara yi masa bayanin allura da zafi, ya ɗaga min hannu, ya juya wajen Injiniya. Larabcina na gareji ne, amma ya isa in gane abin da suka ce.

"Kai ka gani?"

"Na gani."

"Ka san abin da zai faru?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani."

"To me ya sa ka sa hannu?"

"Kamar uba yake a wurina," in ji shi. "A wurinmu ba a..."

Arbab ya buga tebur. Ya ce shi gareji ya buɗe, ba gidan gaisuwa ba. Ya ce yanzu sai ya aika wa mutumin nan sabon inji har kan tsauni, kuma mutumin yana da abokai da duk shekara a nan suke sayen motoci, dole ya gaya musu ya kori wanda ya yi. Ɗaya daga cikinmu zai tafi. Bai ma yi dogon tunani ba. Injiniya yana jin Turanci da Rashanci, shi ke magana da mutanen can. Ni kuwa hannu ne kawai, kuma hannu ba ya wuyar samu a yankinmu na Deira.

"Halas, mu'allim," ya ce, wato shi ke nan, bai kalle ni ba. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo min fasfo ɗina.

Na fita na zauna a kan benci a gaban mai shayin da ke kusa da mu. Injiniya ya biyo ni, ya tsaya daga gefe, hannuwa a baya, bai zauna ba saboda ban ce ya zauna ba. Wannan tsayuwar tasa ta fi komai ƙona min rai.

Na ce, "Ka sani."

"Na sani, Kawu."

"Tun ranar?"

"Tun ranar. Na so in faɗa maka."

"Ka so! Me ya riƙe bakinka? Wata uku kana gaishe ni da safe, kana jira in sa hannu a abinci, ka san motar nan tana hanya da ruwan famfo a cikinta."

"Na yi niyyar in dawo bayan ka tashi in mayar da shi, in zuba ruwan kamfani. Sai na ga in ka gane za ka ce na raina ka. Na ce wataƙila in ta isa can za su duba kafin sanyi ya shigo." Ya ƙara da cewa, "Wallahi, Kawu, ban iya kallon idonka in ce ka yi kuskure."

Na so in mare shi. Na kuma san cewa bakin nan da ya ƙi buɗuwa ni na rufe shi da hannuna shekara biyu da suka wuce, a gaban mutane, har na je ina alfahari. Sanin hakan bai rage min haushinsa ba ko kaɗan, sai ma ƙari da ya yi, don yanzu haushin mutum biyu nake ji. Shi ya ga ƙanƙara da idonsa, ya taka ta, ya san abin da take yi wa ƙarfe. An biya shi albashi don ya hana irin wannan. Da ya daure ya sha zagina na minti biyar, da yau ina Al Khabaisi. Ya zaɓi ya tsira da ladabinsa, ni na biya da shekara goma sha ɗaya. Har yau in na ji ana yabon yaro wai ba ya musu da manya, sai in tuna da shi.

Na yi sati biyu ina zaga garejoji, daga Deira har Sharja. Duk inda na je sai a dubi furfurata a ce a bar lambar waya. Wasu wuraren labarin ya riga ni isa. Wani ma har ya tambaye ni, yana dariya, ko ni ne mutumin ƙanƙara.

Ranar da za a soke bizar, Arbab bai zo ba, ya bar takardar a hannun Injiniya. Muka zauna a ofis mu biyu. Takardar da Larabci da Turanci take, ya ɗauka zai fassara min kamar kullum. Ya fara da cewa wai kamfani yana godiya da daɗewar da na yi, wai saboda yanayin aiki ne aka ga ya dace a huta. Na kalli takardar. Layi uku ne kacal a wurin, shi kuwa ya yi magana ta kai layi goma.

Na ce, "Tsaya. Karanta min abin da aka rubuta."

"Kawu, ai ma'anar duk ɗaya ce."

"Ba ɗaya ba ce. Yau ɗaya dai ka faɗa min magana yadda take."

Ya gyara riƙon takardar. Sannan ya karanta, a hankali, bai ɗago ba. An sallame ni saboda sakaci da rashin sanin aiki, wanda ya jawo lalacewar injin abokin ciniki. Ina da kwana talatin in bar ƙasar.

Na ce ya maimaita wurin rashin sanin aikin. Ya maimaita. Na karɓi biro na sa hannu a inda ya nuna min, a ƙarƙashin nasa.